Daga Landan Zuwa Kef Tawun Ta Agadas Da Kano: Tarihin Doguwar Tafiya A Kan Babur

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba.

Zan fara da tona wa kaina asiri. Shekarun baya mu biyar muka tashi daga Kano a kan babura za mu Damagaram. Muka bi ta Daura, muka tsallaka iyaka a Kongolam, muka wuce Matamaye. Ba mu yi nisa ba sarƙar babur ɗin ɗaya daga cikinmu ta tsinke, ga rana ta fara yin sanyi. To ni ne fa na ce a bar shi da mutum ɗaya, mu ukun mu yi gaba mu kama masauki kafin magariba. Babbanmu a tafiyar ya dube ni ya ce, “Malam, tare muka fito.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Muka zauna muka yi jiran gyara, muka shiga Damagaram cikin dare. Har yau idan na tuna sai in ji kunya, kuma wannan kunyar ce ta sa na shiga bibiyar tarihin mutanen da suka yi irin wannan tafiya tun kafin a haifi iyayenmu. Abin da nake nema shi ne, me ke riƙe abokai a hanya idan wuya ta yi wuya?

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na wasu mata biyu ne 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron. Dukkansu gwanayen tseren babur ne. A wancan lokacin akwai wani filin tsere a Ingila mai suna Brooklands, inda ake ba da lambar yabo ta tauraron zinare ga duk wanda ya zagaye filin da gudun da ya haura mil 100 a awa ɗaya. Florence ta samu wannan lamba a 1934, Theresa kuma ta samu tata a 1939. Theresa ta karanci aikin injiniya a Jami'ar Landan, wato ta san cikin inji kamar yadda bakaniken Ƙofar Ruwa ya san shi. Ku riƙe wannan, don zai yi amfani a gaba.

Ranar 11 ga Disamba 1934 suka tashi daga Landan. Babur ɗinsu ƙirar Panther ne mai silinda ɗaya, girman injinsa 600cc. An maƙala masa wani akwati mai taya ɗaya a gefe, inda mutum ɗaya ke zama, sannan yana jan 'yar tirela a baya wadda aka loda wa kaya. Ku yi tunani, inji mai silinda ɗaya, wanda iska kawai ke sanyaya shi, yana ɗauke da mutum biyu da mai da ruwa da abinci da tanti da kayan gyara. Suka ratsa Faransa, suka hau jirgin ruwa zuwa Aljas, daga nan suka fuskanci kudu.

Hanyar da suka bi tsohuwar hanyar ayari ce: Gardaya, El Goleya, In Salah, Tamanrasset, In Gezzam, sai Agadas. A lokacin duk yankin yana hannun Faransa, kuma jami'an sojan Faransa ba su so barin su su wuce ba, sai da aka kai ruwa rana. Ba za a ce ba su da hujja ba. Babu kwalta, babu garin Arlit ma, don sai a 1969 aka kafa shi bayan gano yuraniyom. Tsakanin Tamanrasset da In Gezzam kaɗai kusan kilomita 400 ne, kuma duk wanda ya maƙale a nan, sai an tashi mota takanas a je neman sa, in an same shi da rai.

Ga wanda bai taɓa tuƙi a rairayi ba, bari in ɗan yi bayani. Da sassafe rairayi yana da ɗan tauri saboda sanyin dare, amma rana na ɗagawa sai ya saki, taya ta riƙa nutsewa. Idan ka rage gudu ka nutse, idan ka matsa wa inji a ƙaramar giya ya yi zafi. Ƙura tana shiga kabureta, tana shiga mai, tana cin ƙarfe a hankali. Da babur mai akwatin gefe da tirela kuwa, taya ba biyu ba ce, kowacce kuma tana neman ramin da za ta faɗa. Idan aka kafe, sai a sauke kaya, a haƙa, a tura, a dawo a kwashi kayan a ka. Aikin da mutum ɗaya ba zai iya ba ke nan. Dole ɗaya ta riƙe kan babur ɗaya ta tura, kuma dole wadda ke turawar ta yarda cewa in an fita daga ramin za a tsaya mata.

Injin bai kai su Agadas lafiya ba. Ya lalace, har sai da suka kwance shi gaba ɗaya suka sake haɗa shi a can, bayan sun yi makonni suna jiran kayan gyara. A nan ilimin Theresa ya yi rana. Ni abin da nake hangowa shi ne zaman jiran nan. Mata biyu baƙi a gindin hasumiyar masallacin Agadas, wadda aka gina tun wajen 1515, a garin da bai fi shekara 18 ba da ganin yaƙin Kawusan da Faransawa na 1916 zuwa 1917. Kuɗi na ƙarewa, zafi na ƙaruwa, kuma ko rabin tafiya ba a yi ba. Duk wanda ya taɓa tafiya da abokai ya san ba a kan hanya ake faɗa ba, a wurin jira ake yi. A nan ne ake tuno wa ya ce a biyo nan, wa ya ƙi duba mai.

Da injin ya tashi, suka gangaro kudu suka shigo Kano a 1935, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Kano a lokacin ta riga ta zama mahaɗar hanyoyi. Jirgin ƙasa ya iso tun 1911, jirgin sama ya fara sauka a 1925, ga fataucin gyaɗa na bunƙasa. Ga wanda ya fito daga hamada, isowa Kano tamkar dawowa duniya ne. Kakanninmu da suka ga wannan babur mai ɗaki a gefe wataƙila sun yi mamakin na'urar, amma ba na jin hanyar ta ba su mamaki, don fatakenmu da Abzinawa sun daɗe suna bin ta da raƙuma, suna kai gishiri da fata da tufafi.

Daga Kano suka yi gabas ta Chadi, suka shiga dazukan Kongo, suka ɓulla Yuganda da Kenya da Tanganyika, suka ratsa Rodeshiya. Ranar 29 ga Yuli 1935 suka shiga Kef Tawun. Tafiyar ta kai mil 13,500, wato kimanin kilomita 21,700, cikin kwana 230. In ka raba, bai kai kilomita 100 a rana ba. Yau ɗan acaɓa yana iya cinye wannan kafin la'asar. Amma su ne aka sani a matsayin waɗanda suka fara tsallake Sahara daga arewa zuwa kudu a kan babur har suka dangana da ƙarshen nahiyar.

Ga inda labarin yake da ɗaci. Bayan duk wannan wahala, ba tare suka koma gida ba. Theresa ta hau jirgin ruwa, Florence kuma ta juyo arewa da babur ita kaɗai, ta isa Landan a 1936. Kowacce ta kama gabanta. Theresa ta yi aikin kai saƙon soja a kan babur a Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ta koma Amurka ta buɗe shagon babura a Chicago, ta koyar da tuƙi, ta rasu a 1999 tana da shekara 90. Littafinta na wannan tafiya, The Rugged Road, sai bayan rasuwarta ya fito. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, hanya tana iya haɗa mutane ta ƙarfi saboda kowa na bukatar kowa, amma zumuncin bayan an sauka wani aiki ne daban, kuma shi ma sai an yi masa tanadi.

Bayan shekara 40 da 'yan kai, wannan hamadar dai ta sake haifar da wani labari. A 1977 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓata a kan babur a yankin da ke tsakanin Nijar da Libiya, lokacin tseren Abijan zuwa Nis. Da ƙyar aka gano shi da rai. Maimakon ya yi sallama da hamada, sai ya dawo da shawarar shirya tsere a cikinta. Ranar 26 ga Disamba 1978 ababen hawa 182 suka tashi daga Paris, suka bi ta Aljas da Tamanrasset da Agadas da Yamai da Gao da Bamako. Guda 74 ne kacal suka isa Dakar a Janairun 1979. Wanda ya zo na ɗaya matashi ne mai suna Cyril Neveu a kan Yamaha XT500, shi ma mai silinda ɗaya. Yawancin waɗanda suka shiga a shekarun farko ba ƙwararru ba ne, abokai ne da suka tara kuɗi suka gyara baburansu da hannunsu.

Mutanen Agadas sun san wannan tsere sosai, don shekaru da dama yana yada zango a garinsu. Ya kawo ciniki ga masu masauki da direbobi da masu jagora. Amma gaskiya ɗaya ce, ya kuma ci rayuka, na matuƙa da na mutanen ƙauyukan da ake ratsawa da gudu, har da yara. Shi kansa Sabine ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairu 1986. A 2008 aka soke tseren saboda matsalar tsaro a Muritaniya, a 2009 aka mayar da shi Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yi. Sunan Dakar ne kawai ya rage. Kun ga bambancin da nake son mu lura da shi. Matan nan biyu sun shiga garuruwa a hankali, suna bukatar ruwan mutane da taimakonsu. Tseren kuwa sau da yawa ƙura kawai yake bar wa masu gari.

A Amurka akwai wani salo kuma. Tun 1984 ake gasar Iron Butt, inda mahaya ke cin kusan mil 11,000 cikin kwana 11. Ƙungiyar da ke shirya ta tana ba da takardar shaida ga duk wanda ya yi mil 1,000 cikin awa 24, kuma rasit ɗin gidan mai ne hujja, don yana ɗauke da lokaci da wuri. Abin da ya burge ni a wajensu shi ne, gogaggunsu ba sa yabon gudu. Lissafi ne mai sauƙi: kilomita 1,600 cikin awa 24 bai kai kilomita 70 a awa ba. Abin da ke cin lokaci shi ne tsayawa barkatai, abin da ke kashe mutum kuma barci ne. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Bahaushe.

Ko a nan gida an yi. A 2022 wani ɗan Najeriya, Kunle Adeyanju, ya tuƙo babur daga Landan zuwa Legas cikin kimanin kwana 40 don wayar da kai kan cutar shan inna. Amma shi ta Maroko da Muritaniya ya biyo, ba ta Agadas ba, domin hanyar da matan nan suka bi a 1935 yau ta fi ƙarfin matafiyi saboda rashin tsaro. Wannan kaɗai abin tunani ne gare mu.

To me na koya? Abin da ayarin kakanninmu suka sani tun da can. Tafiya tana da madugu, kuma ana naɗa shi tun kafin a tashi, ba a tsakiyar daji ba. Ana tafiya da saurin wanda ya fi kowa rauni. Mai sabon babur ya koma baya, mai tsohon ya shiga tsakiya. Kuɗin mai da na gyara a tara su wuri ɗaya tun a gida, don kada a tsaya lissafi a gefen titi. Wanda ya ce barci yake ji, a tsaya, kada a yi masa dariya. A sa hular kwano ko da zafi ya kai ina. In an ratsa ƙauye a rage gudu, a yi sallama, don gobe a hannun mutanen nan za ka nemi ruwa ko mai faci.

Abokin nan namu da sarƙarsa ta tsinke, bara da mahaifina ya kwanta asibiti shi ne ya kwana uku tare da ni a baranda. Bai taɓa tayar mini da maganar Matamaye ba, ni ne dai ban manta ba.

A nan za mu dakata. Wanda ya taɓa doguwar tafiya a kan babur da abokai, ya ba mu labari a ƙasa: daga ina zuwa ina, kuma me ya faru da aka samu matsala? In akwai dattijo a Agadas ko Damagaram ko Kano da ya ji labarin matan nan daga bakin iyayensa, don Allah a haɗa mu da shi. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.