Araha Ba Ta Ado: Tarihin Kwamfutar Gwanjo da Filashin da Ya Cinye Min Furojet

Kamar yadda muka saba, ga shirin wannan makon a rubuce, saboda 'yan uwan da data ba ta ba su damar saurare ba. Yana da ɗan tsawo, a nemi wuri a zauna.

Yau da labarin kaina zan fara. A 2019, ina ajin ƙarshe a jami'a, na shiga kasuwar 'yan waya da kwamfuta ta garinmu neman filash. Na tambayi mai gigabait 64 a wani babban shago, aka faɗa min kuɗin da ya fi ƙarfin aljihuna. Ina fitowa sai wani matashi mai tebur ya kira ni: "Yayana zo mana, ga irinsa nan, kamfani ɗaya ne." Kuɗinsa bai kai rabin wancan ba. Ya soka shi a laftof, ya juyo min da allon, ga 64 ɓaro-ɓaro. Na biya, na tafi gida ina jin yau na yi wa kasuwa wayo.

Na zuba komai a ciki: hotunan bikin yayata, bidiyon darussa, sannan furojet ɗina babi biyar. Laftof ɗin da nake aiki da ita ta aro ce, mai ita ya karɓi abarsa ya goge ta tas. Ban damu ba, ai ina da filash. Saura kwana huɗu a miƙa aiki na je shagon buga takardu. Sunayen fayil duk suna nan a jere, amma babi na huɗu da na biyar sun ƙi buɗewa. Mai shagon ya gwada a kwamfuta uku, ya dube ni ya ce, "Malam, sai dai haƙuri." Dare uku na yi ina sake bugawa daga rubutun hannu. Da na koma wurin mai tebur, amsarsa ɗaya ce: "Yayana, ai kaya in ya fita ya fita."

Daga baya na fahimci abin da aka yi min. A cikin kowane filash akwai ma'ajiyar bayanai, akwai kuma wata 'yar ƙwaƙwalwa da ke gaya wa kwamfuta girman ma'ajiyar. Masu jabu wannan 'yar ƙwaƙwalwar suke koya wa ƙarya. Ciki gigabait 8 ne, amma bakinta na cewa 64. Abin da ka fara zubawa zai zauna lafiya. Da zarar ka wuce girman gaskiya, sabon abu ko dai ya hau kan tsoho ya lalata shi, ko ya ɓace, sunansa kawai ya rage. Shi ya sa gwajin minti biyu a gaban tebur ba ya kama ɓarawo.

To tun lokacin nake tambayar kaina: ta yaya muka kai ga kasuwar da duk asarar cikinta kan mai saye take ƙarewa? Da na bi sawun labarin, sai ya kai ni wani ƙaramin gari na bakin ruwa da ba ruwansa da kwamfuta.

Sunan garin Koko, a tsohuwar jihar Bendel, yanzu yana jihar Delta. Tsakanin 1987 da 1988 wasu 'yan kasuwar Italiya suka jibge dubban gangunan shara mai guba a wani fili a garin, suna biyan mai filin dala 100 a wata. Kun san wa ya tona asirin? Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya. Su suka ga labarin a can, suka aiko wa jaridun gida. Gwamnatin Janar Babangida ta janye jakadanta daga Rum, aka tilasta kwashe sharar, kuma a wannan shekarar ta 1988 aka yi dokar hana shigo da shara mai guba, aka kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. A 1989 duniya ta ƙulla yarjejeniyar Basel kan safarar irin wannan shara tsakanin ƙasashe, a 1991 kuma ƙasashen Afirka suka yi tasu mai tsauri a Bamako.

Sai dai an bar wata kafa. Doka ta tsaya wa shara, amma ba ta hana kayan gwanjo ba. Matacciyar kwamfuta in aka rubuta mata "an yi amfani da ita, za a sake amfani da ita", ta zama kayan kasuwa ke nan. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A shekarun 1990, unguwar Otigba da ke Ikeja a Legas, wadda gidajen zama ne, ta fara cika da masu sayar da kayan kwamfuta da masu gyara. Ita ce yau ake kira Computer Village. Da wayar salula ta shigo a 2001 sai kasuwar ta tumbatsa. Daga can kaya ke hawa mota su yi Arewa, har su iso irin su titin Beirut da Farm Centre a Kano. A 2001 ɗin dai Leo Stan Ekeh ya fito da Zinox, kwamfuta mai sunan kamfanin gida, ga kuma Omatek ta marigayiya Florence Seriki. An yi murna, an ce mu ma mun fara. Amma sabuwar kwamfuta, ta gida ce ko ta waje, ta fi ƙarfin ɗan makaranta da ƙaramin ma'aikaci. Abin da ya cika kafe-kafen da muka fara taɓa maus a cikinsu muna yara, tokunbo ce, mai ƙatuwar ƙeyar nan da ke ɗumama ɗaki kamar murhu.

A 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka, Basel Action Network, ta zo Legas ta yi bincike. Rahotonta ya ce kusan kwantena 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka a kowane wata, kuma 'yan kasuwar da kansu sun shaida cewa har kashi 75 cikin ɗari na iya zama tarkacen da ba ya gyaruwa. Ku lura da wannan: ɗan kasuwar ma a rufe yake sayen kwantenar. In ya buɗe ya tarar da gawa ta fi mai rai yawa, ta ina zai mayar da kuɗinsa? Ta kan wanda zai saya a hannunsa. Haka asara ke gangarowa daga jirgin ruwa zuwa dila, daga dila zuwa mai shago, daga mai shago zuwa mai tebur, har ta faɗo kan ɗan ajin ƙarshe mai furojet, wanda ba shi da na ƙasa da shi da zai tura wa.

A wannan shekarar ta 2005 aka yi wani babban alkawari. Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ya ce zai samar wa yaran ƙasashe masu tasowa laftof ta dala 100. A taron Tunis na watan Nuwamba, shi da Kofi Annan suka nuna wa duniya samfurinta, har da wani hannu da ake murzawa a yi caji. A gaban 'yan jarida hannun ya ɓalle. Duk da haka aikin ya ci gaba, kuma a 2007 makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja na cikin wuraren farko a duniya da aka raba wa yara wannan laftof mai launin kore da fari. An yi ta maganar Najeriya za ta sayi miliyan guda, maganar ba ta tabbata ba. Kuɗin laftof ɗin ma ya tashi ya doshi dala 200. Gwamnatin da ba ta gama samar wa yara benci ba, ina ta ga laftof? Haka talaka ya koma inda ya saba, wato gwanjo.

A 2007 aka kafa NESREA, a 2011 ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki da suka haramta shigo da wanda ba ya aiki. To an daina? Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hannu a ciki ya sa mutum a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016, yana dubawa yana ƙirgawa. Sakamako: kusan tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki a shekara, aƙalla tan 15,000 ba sa aiki, kuma kashi 77 cikin ɗari daga tashoshin Tarayyar Turai suka taso. Abin mamakin shi ne, mafi yawansu ba a kwantena suka zo ba, a cikin motocin tokunbo aka cusa su, inda ba a cika dubawa ba. An toshe ƙofa, kaya suka bi ta taga.

Mu kuma a nan buƙata sai ƙaruwa take. Daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Neman aiki ya koma intanet, koyon sana'ar zamani ma haka. Sai ga 2023, aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda da yake iya sayen sabuwa ya dawo layin gwanjo, na layin gwanjo kuma ya dawo layin "ko wace iri ce, in dai tana kunnuwa".

A nan sai na yi adalci, kar a ce na zo ɓata wa mutane sana'a. In ba don gwanjo ba, wallahi da yawanmu ba za mu taɓa mallakar kwamfuta ba. Ni kaina da tokunbo nake shirya wannan shirin, shekararta huɗu a hannuna. Laftof ɗin da manyan ofisoshin Turai da Amurka suka yi 'yan shekaru da ita suka sauya, irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook, sau da yawa ta fi sabuwa mai araha ƙarfin jiki, ga kayan gyaranta a ko'ina. Kuma kasuwannin nan sun rufa wa dubban matasa asiri. Akwai yaron da bai shiga jami'a ba, amma zai buɗe laftof ya gano ƙaramin abin da ya ƙone ya sauya shi da hannunsa. Akwai 'yan kasuwa masu tsoron Allah da za su ce maka, "Wannan batirinta ya mutu, na rage maka kaza." Tsofaffin kaya ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ɓoye maka aibi, sannan a rufe maka ƙofar dawowa.

Kuma wata guguwar na tafe. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Akwai ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista, amma na ɗan lokaci ne. Ita kuwa Windows 11, a hukumance ba ta karɓar mafi yawan injinan Intel da ke ƙasa da zubi na takwas. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasin kwamfuta kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan. Ku da kanku kun san inda wani kaso zai nufa. Za su iso da kyan jiki da sauƙin kuɗi, a ce maka "Core i7 ce fa", ba a gaya maka ta wace shekara ba.

To me za mu yi? Darasin da na ɗauka daga tarihin nan shi ne, duk inda aka samu ɗan gyara, wani ne ya duba da idonsa, ya ƙirga, ya faɗa. Ɗaliban Italiya haka suka yi. Mutumin da ya tsaya a tashar Legas haka ya yi. Mu ma za mu iya namu daidai ƙarfinmu.

In filash ko memori ka saya, akwai manhaja kyauta mai suna H2testw. Tana cika shi dam, ta sake karantawa, ta faɗa maka girman gaskiya. Gwada kafin ka zuba abin da kake so. In laftof ce, kar "i5" ko "i7" su ruɗe ka, duba lambar da ke biye: i5-8250U zubi na takwas ce, i7-3520M ta uku ce, wato tun wajen 2012. A Windows ka buga powercfg /batteryreport, za ka ga ƙarfin batir na asali da abin da ya rage. CrystalDiskInfo kuma zai nuna maka lafiyar ma'ajiyar bayanai da awannin da ta yi tana aiki. Ka shiga BIOS a gaban mai kaya ka tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba. Caja kuwa, in ka ɗaga ka ji ta sakayau kamar ba komai a ciki, ajiye masa abarsa, don cajar banza na iya ƙona maka laftof ɗin gaba ɗaya.

Sannan ka karɓi rasit mai lambar jikin na'urar da kwanakin gwaji a rubuce. Mu sani fa, tun 2019 akwai dokar kare haƙƙin mai saye da ta kafa hukumar FCCPC, kuma ta ba ka damar mayar da kayan da aka sayar maka da aibi. "Kaya in ya fita ya fita" ba doka ba ce, al'ada ce kawai da shirunmu ya raina. Ko a addini, ɓoye aibin kaya ha'inci ne, kowa ya sani. Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin kasuwanninmu su ware teburin gwaji guda, inda mai saye zai zauna ya gwada kaya a tsanake. Ɗan kasuwar kirki ba zai ji tsoron wannan ba, shi ma zai fi samun ciniki.

Na ƙarshe, kuma da hawayena na koye shi: kar ka taɓa ajiye abu mai muhimmanci a wuri ɗaya. Tura wa kanka ta imel, ko ka ajiye a wurin ɗan uwa. Furojet na sake bugawa, amma hotunan bikin yayata har yau ba mu same su ba.

Filashin nan yana nan cikin durowata. Da na gwada shi daga baya, gigabait 8 ma bai cika ba.

Ku ma ku ba mu naku labarin a ƙasa: me kuka taɓa saya ya ba ku kunya, me kuma ya yi muku ƙarko fiye da zato? Don Allah ban da kama sunan mutum ko shago, darasi muke nema. Wanda yake da ƙani ko ƙanwa da ke shirin sayen laftof, ya tura musu wannan kafin su shiga kasuwa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.