Aure, saki da riƙon 'ya'ya: Abin da baƙo ya kamata ya sani a dokar Ingila

Auren da aka ɗaura a Kano ko Yamai bisa ƙa'idar ƙasar yana nan daram a idon dokar Ingila da Wales. Matsalar tana ga wanda aka ɗaura bayan an isa can. Idan liman ya ɗaura aure a gida, ko a masallacin da ba shi da rajistar ɗaurin aure, hukuma ba ta san da zamansa ba, ko da an biya sadaki a gaban shaidu ɗari.

Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da haka a Fabrairun 2020, a shari'ar Akhter da Khan. An ɗaura musu aure a wani gidan cin abinci a Landan a 1998, suka haifi 'ya'ya huɗu, amma kotu ta ce babu aure tsakaninsu a doka. Macen da ke cikin wannan hali ba ta da hurumin neman kason dukiya ko na fansho irin na matar aure, kuma ba ta cin gado kai tsaye idan mijin ya rasu bai bar wasiyya ba. Abin takaici, sau da yawa sai ranar rabuwa take ganewa. Mafita ita ce rajista: a kai sanarwa ofishin rajistar aure, a jira kwana 28, wa'adin da kan kai kwana 70 idan hukuma na binciken takardun zaman ɗayansu.

Saki ma haka yake. Furucin miji a cikin Ingila ba ya warware auren da doka ta amince da shi, sai kotu. Tun 6 ga Afrilun 2022 ba a buƙatar ɗora wa kowa laifi, amma shari'ar na ɗaukar aƙalla mako 26.

Mai mata biyu daga gida, ɗaya kawai zai iya nema wa bizar aure. Tun Fabrairun 2023 aurar da wanda bai kai shekara 18 ba laifi ne, har da auren addini.

Game da 'ya'ya, dokar yara ta 1989 ba ta bai wa uba ko uwa fifiko ba. Maslahar yaron alƙali ke dubawa. Matar da ta shigo da bizar aure kuma mijin ke cin zarafinta na iya neman izinin zama na dindindin da kanta, ba sai da sa hannunsa ba.