Zamewar kuloci a tsohuwar mota: gyaran da ake iya yi a gida

Zamewar kuloci matsala ce da ta shafi motoci masu giyar hannu, kuma galibi a kan hawa take fara bayyana, ko lokacin da mota ta ɗauki kaya. Direba zai taka totur, injin ya ɗaga murya, allurar da ke nuna juyawarsa ta haura sama, amma gudun motar bai ƙaru ba. Wani lokaci wari mai kama da na ƙonewar birki yakan biyo baya. Masu tsofaffin motoci irin su Golf 3 da Corolla da Civic, da ragowar Peugeot 504 waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, da wuya su daɗe da mota ba su gamu da ita ba.

Kuloci yana zaune ne tsakanin injin da giyabos. A bayan injin akwai babban faifan ƙarfe mai nauyi da makanikai ke kira fulawil. A jikinsa faifan kuloci yake kwanciya, fuskokinsa biyu an lulluɓe su da fata mai kama da ta takalmin birki. Faifan matsi kuma, da ƙarfin sifirin ɗinsa, shi ke danne shi a jikin fulawil ɗin har su riƙa juyawa tare. Idan aka taka feda, wani boris yakan tura yatsun sifirin ɗin, matsin ya saki, a samu damar sauya giya. Duk lokacin da wannan riƙo ya gaza alhali ƙafa ba ta kan feda, kuloci ya zame ke nan.

Abubuwa uku ne ke kawo haka: feda ba ta sakin kuloci gaba ɗaya, ko fatar faifan ta cinye, ko mai ya jiƙa ta. Na farkon ne kaɗai ke gyaruwa da sufana a ƙofar gida. Sauran biyun sai an sauke giyabos. Sanin wanne ne a cikinsu kafin a doshi kasuwar kayan gyara shi ke raba mai mota da kashe kuɗin da bai kamata ba.

Yadda ake tabbatarwa

A fili mai faɗi inda babu mutane a gaba, a ja birkin hannu sosai, a tayar da injin, a sa giya ta uku ko ta huɗu, a ɗan taka totur, sannan a saki feda a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe injin nan take. Idan injin ya ci gaba da aiki bayan an ɗage ƙafa, riƙon ya tafi. Kada gwajin ya wuce daƙiƙa biyu ko uku, kuma kada a yi ta maimaita shi, domin shi kansa yana cin faifan. A kan titi ma ana iya ganewa: a sa babbar giya ana tafiyar kilomita 50 zuwa 60 a awa, a danna totur ƙasa, a lura ko ƙarar injin ta riga gudun mota.

Ba kowace matsalar kuloci ce zamewa ba. Idan giya ce ke ƙin shiga, ko tana ƙara a lokacin sa ribas, kulocin ƙin saki yake yi, kuma wannan kishiyar zamewa ce. Ƙarancin mai ko shigar iska a bututu ne kan kawo shi.

Rarar feda

Kafin feda ta fara aiki, akwai 'yar tazarar da take tafiya ba tare da wani nauyi ba. Ana auna ta da hannu: a danna fedar da yatsa, a auna da rula daga inda take hutawa zuwa inda ta fara tauri. A yawancin tsofaffin motoci tazarar kan kasance tsakanin milimita 10 zuwa 25, a wasu motocin Toyota kuma daga 5 zuwa 15. Littafin motar shi ke da magana ta ƙarshe.

Wannan rara ba kuskuren ƙira ba ce. Yayin da faifan ke cinyewa, yatsun sifirin suna ƙara matsowa kusa da boris, rarar tana raguwa a hankali har ta ƙare. Daga nan motar takan zama tamkar wadda direbanta ya ɗora ƙafa kan feda dare da rana. Faifan da ke da sauran rai sai ya fara zamewa, zafin zamewar kuma ya ƙarasa shi cikin ɗan lokaci.

A motocin da ke amfani da waya, irin su Volkswagen ƙirar kunkuru da Honda Civic na kafin 1992, akwai notin saiti a ƙarshen wayar, kusa da hannun da ke jikin giyabos. Inda akwai notin kulle sai a fara kwance shi, a sassauta na saitin kaɗan kaɗan ana komawa ana auna fedar, har rarar ta dawo, sannan a ɗaure. Sassautawa ake yi. Da yawa sukan ƙara ɗaure wayar da zaton ƙarfi suke ƙara wa kuloci, su kuwa ƙara ɓata shi suke. A kuma duba ko wayar ta yi tsatsa ko ta fara tsinkewa a cikin rigarta, domin wadda ke maƙalewa ba ta barin feda ta koma daidai. Golf 3 da yawa suna da wayar da ke saita kanta. Idan na'urar saitin ta cije, sabuwar waya ce magani.

A motocin da ke amfani da mai, kamar Peugeot 504 da Corolla, famfo biyu ne: na sama a bayan feda, na ƙasa a jikin giyabos. Idan sandar da ke tura famfon sama ta yi tsawo, abin da kan faru bayan an sauya famfon ba a saita ba, 'yar ƙofar da mai ke komawa tulu ta nan takan toshe, matsi ya maƙale a bututu. Alamarsa ita ce mota ta tashi lafiya da safe, zamewar ta tsananta bayan injin ya ɗauki zafi. Tsohon tiyon roba da ya kumbura ta ciki ma yakan yi haka. A lokacin da zamewar ke faruwa, idan aka ɗan buɗe ƙusar fitar da iska ta famfon ƙasa, mai ya feso da ƙarfi, kulocin kuma ya dawo da riƙo, to laifin na bututu ne ko na famfo, faifan ba shi da laifi. Man birki ake zubawa, DOT 3 ko DOT 4, gwargwadon abin da aka rubuta a murfin tulun.

Idan saiti bai yi magani ba

A leƙa ƙarƙashin mota, daidai inda injin ya haɗu da giyabos. Jiƙewar mai a wurin alama ce ta lalacewar sil, ko na bayan injin ko na sandar giyabos. Man giya yana da wari mai ƙarfi da ke bambanta shi da baƙin mai. Fatar da ta sha mai ba ta wankuwa. Zuba fetur ko lemon kwalba ko hoda ta wata kafa, kamar yadda ake ba da shawara a wasu tashoshin mota, ba ya wuce ya ba da riƙo na ɗan lokaci, fetur ɗin kuma yana iya tayar da gobara. Sauya faifai ba tare da sauya sil ɗin da ke yoyo ba biyan kuɗin aiki sau biyu ne.

Sauke giyabos a gida mai yiwuwa ne, amma aikin mutum biyu ne da yini guda ko fiye. Motar da ke tuƙi da ƙafafun baya, irin 504, tsarinta daban yake da na Golf ko Corolla, waɗanda sai an zubar da man giya an zare sandunan da ke juya ƙafafun gaba. Da farko a cire kan batir. A ɗora motar a kan matokaran ƙarfe a daɓe mai ƙarfi. Jak kaɗai ba abin dogaro ba ne, bulon siminti kuwa yakan fashe ba tare da gargaɗi ba. Giyabos ɗin ƙaramar mota ma ya kai nauyin da zai karya hannu idan ya suɓuce. Ƙurar da ke cikin rumbun kuloci kada a hure ta da baki ko da iska, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, domin tsofaffin faifai da wasu masu araha suna ɗauke da asbestos mai lahani ga huhu.

Faifan da fatarsa ta kusa daidai da kawunan ƙusoshin da ke riƙe ta ya gama aiki. Toyota kan sa iyakar a milimita 0.3. Abin da ya fi dacewa shi ne a sauya faifan kuloci da faifan matsi da boris a lokaci guda, tunda wahalar duk a saukewar take. Fulawil ɗin da ya yi shuɗin tabo ko tsagewa sai an kai shi wurin masu wanke ƙarfe da inji, ko a sauya shi. Wajen ɗaurawa, faifan yana da gefen da ke fuskantar injin, kuma akan rubuta a jikinsa. Dole a daidaita shi a tsakiya da sandar saiti ko tsohuwar sandar giyabos, in ba haka ba giyabos ba zai koma mazauninsa ba. Notocin faifan matsi ana ɗaure su kaɗan kaɗan, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa na daura da shi.

A kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Apo a Abuja ana samun sabo, da na hannu, da tsohon faifan da aka sake wa fata. Sunaye irin su Valeo da LuK da Sachs da Aisin sanannu ne, shi ya sa ma ake yawan kwaikwayon kwalinsu. Gara mai saye ya tafi da tsohon faifan a hannu, a gwada faɗi, a ƙirga haƙoran tsakiya.

Sabon kuloci yana son tuƙi a hankali na kimanin kilomita 500 zuwa 800, ba lodi, ba fizga. Bayan haka a sake auna rarar feda. Tsawon ransa kuma ya danganta da ƙafar direba: ɗora ta kan feda ana tafiya, riƙe mota a kan hawa da rabin kuloci maimakon birkin hannu, da tashi da giya ta biyu a cikin cunkoso, su ne suka fi saurin mayar da mota wurin makanike.