Masaƙun Kakuri da Wayar da Ta Ƙi Kunnuwa

Rubutun wannan mako ya samo asali ne daga abin da ya sami wata 'yar uwarmu a ƙungiya, mazauniyar Makera. Shekara biyu ta yi tana tattara kayan littafin da take son rubutawa a kan rayuwar ma'aikatan masaƙa. Gida-gida take bi, ta roƙi tsofaffi su fito da hotunansu na da, ta ɗauka da waya, ta kuma naɗi hirarsu. Wata safiya ta cire wayar daga caji, ta danna, shiru. Biyu daga cikin tsofaffin da ta yi hira da su sun riga mu gidan gaskiya.

Kafin mu faɗi yadda aka ƙare, ya kamata mu san nauyin abin da ke cikin wayar nan.

Kudancin Kogin Kaduna masana'antu ne suka raya shi. A 1957 aka buɗe Kaduna Textiles, wato KTL, a Kakuri, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Ingila. Cikin shekarun 1960 Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, sannan masana'antar harhaɗa motocin Peugeot ta fara aiki a 1975. Dubban mutane suka taso daga ko'ina a ƙasar nan suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa, Bahaushe da Bajju da Tibi da Idoma, Musulmi da Kirista, gida ɗaya famfo ɗaya. Adams Oshiomhole, wanda ya zama shugaban ƙwadago na ƙasa, a Arewa Textiles ya fara gwagwarmaya. A wancan zamani in ma'aikaci ya karɓi albashin farko, ko ya sayi keke, ko aka yi masa haihuwa, sai ya nufi shagon mai hoto. Mai hoto ya riƙe fim, shi kuma ya tafi gida da kati.

Sai abubuwa suka juya. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 sun ci rayuka da gidaje, suka kuma raba garin biyu, kogi ya zama iyaka. Wanda ya fita da gudu cikin dare ba ya tsayawa ɗaukar albam. A 2002 KTL ta rufe, UNTL ta bi sahu a 2007. Ambaliyar 2003 da ta 2012 ta shiga gidajen bakin kogi ta jiƙa abin da wuta ta bari. Shagunan hoto kuma suka yi ta mutuwa bayan wayar salula ta shigo a 2001 kuma mai kyamara ta yawaita. Gidan Arewa, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci kafawa a 1970, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, suna riƙe da takardun gwamnati da na manya. Amma hoton leburan da ke tsaye gaban injin saƙa, a akwatin matarsa kaɗai za a same shi. Irin waɗannan 'yar uwarmu ta tara.

Mai gyara na farko da ta kai wa cewa ya yi sai an yi filashin. Allah Ya taimake ta ta ƙi, domin filashin yana share duk abin da ke ciki ne. Wannan shi ne abu na farko da za mu riƙe: in waya ta lalace da kayanmu a ciki, mu gaya wa mai gyara tun daga bakin ƙofa cewa kayan muke nema, kada ya goge komai. Sau da yawa matsalar batir ce ko wurin caji ko gilashi, in an canza sai ta tashi a kwashe. In gilashin na nuna hoto amma ba ya jin taɓi, ana iya jona mata linzamin kwamfuta ta igiyar OTG a buɗe ta. In ruwa ta faɗa, a kashe ta, kada a sa ta a caji.

Tata kuwa allon injin ne ya ƙone. A nan wahalar take. Wayoyin da aka ƙera da Android 10 zuwa sama, wato daga 2019, suna kulle abin da ke cikinsu da wani sirri da ke haɗe da injin wayar da lambar buɗewa. Ko an ciro ma'ajiyar an ɗora a wata na'ura, ba abin da za a iya karantawa. Kariya ce daga ɓarawo, amma in injin ya mutu har mai wayar take kullewa a waje.

Hotunan shekarar farko sun tsira, domin a katin memori suke, ciro shi kawai aka yi. Na shekara ta biyu a cikin wayar suke, sun tafi. Daga cikinsu ba abin da ya dawo sai waɗanda ta taɓa tura wa wasunmu ta WhatsApp tana neman shawara. Kwana uku muna tona wayoyinmu muna mayar mata. Hirar ɗaya daga cikin mamatan nan a wayar wani ɗan uwa aka same ta. Ta ɗayan ba ta taɓa tura wa kowa ba.

Da muka zauna muka duba, sai muka ga darasin tsoho ne. Me ya sa har yau muke karanta littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, da waƙoƙin 'yarsa Nana Asma'u? Saboda almajirai sun zauna da tawada da alƙalami sun kwafe su, kwafin ya shiga gafaka ya tafi Kano da Zariya da Katsina. In gara ta ci na wannan gida, na wancan yana nan. A Timbuktu kuwa, a Janairun 2013 'yan bindiga sun ƙone littattafai kusan 4,000 a Cibiyar Ahmed Baba, amma dubban ɗaruruwa sun tsira domin Abdulƙadir Haidara da abokan aikinsa sun riga sun kwashe su a akwatuna zuwa Bamako. Abin da aka ajiye wuri ɗaya, tsautsayi ɗaya ya ishe shi.

Kada kuma mu ce mun ɗora a intanet shi ke nan. A 2019 shafin MySpace ya sanar da cewa ya yi asarar waƙoƙi kimanin miliyan 50 da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015. Google na ba da gigabait 15 kyauta, kuma hotuna da saƙonnin Gmail da ajiyar WhatsApp duk a ciki suke cin wuri. In ya cika, ajiya ta tsaya ba tare da mutum ya lura ba. Asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba ma suna iya rufe shi.

Masu adana hotuna suna da wata ƙa'ida mai sauƙi: kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. A wurinmu wannan na nufin ɗaya a waya, ɗaya a Google Drive ko imel, ɗaya a filas ko memori a gidan wani ɗan uwa. Mu rubuta kalmar sirrin imel a takarda mu adana, kada mu bar wa mai shagon da ya buɗe mana. Hoto mai muhimmanci a tura shi a matsayin fayil, domin WhatsApp na rage masa kyau. Mafi daraja a wanke su a kati, a rubuta suna da wuri da shekara a baya.

Yawancinmu da babban yatsa muke rubuta littattafanmu, babi-babi, a wayar da batirinta ya fara kumbura. 'Yar uwarmu ta koma Makera ta soma bin gidajen daga farko, kuma yanzu ba ta kwanciya sai ta tura aikin ranar wuri biyu. Mu ma kafin mu yi sharhi a ƙasan wannan rubutu, kowa ya fara tura wa kansa littafinsa ta imel. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare mana abin da muka rubuta.