Yadda Aibin Hof Ya Zama Abin Rububi

Hof tsiro ne mai yaɗo da ke son ƙasashe masu dogon yini a lokacin zafi, irin su Jamus, Cek, Ingila da arewa maso yammacin Amurka. Furen macensa ake sa wa giya, ana kuma sa shi a wasu lemukan malt marasa barasa. A yau ƙananan masu dafa giya a Turai da Amurka don ƙamshi suke zaɓen iri, wannan na lemu, wancan na mangwaro, har mutum ya zaci don haka aka fara noma shi. Tarihi bai nuna haka ba. Ƙamshi ne ya zo daga baya, kuma wanda ake rububinsa yanzu shi ne wanda aka daɗe ana ƙyama.

Abin da ya fara ba hof daraja shi ne hana ruɓewa. A shekarar 822 Adalhard, shugaban gidan zuhudu na Corbie a Faransa, ya ambace shi cikin dokokin gidan, a ƙarni na 12 kuma Hildegard ta Bingen ta rubuta cewa ɗacinsa na kare abin sha daga lalacewa. Kafin hof ya yaɗu haɗin ganyaye mai suna gruit ake amfani da shi, wanda masu mulki suka kankane cinikinsa, giyarsa kuma ba ta jure doguwar tafiya. Sinadaran ɗacin hof suna daƙile ƙwayoyin da ke sa tsami, shi ya sa fataken Bremen da Hambug suka iya loda giya a jiragen ruwa zuwa Holan tun ƙarni na 13 da na 14. Lokacin da dokar Bavariya ta 1516 ta taƙaita kayan haɗi ga ruwa da sha'ir da hof, ciniki ya riga ya yanke hukunci.

Mai ja zai ce ai Turawa sun san ƙamshi tun da can, ga irin Saaz na Cek wanda ya yi suna da giyar Pilsen ta 1842, ga Hallertauer na Jamus, ga Goldings da Fuggle na Kent a Ingila. Haka ne, amma ƙamshin da suke so mai sanyi ne, na ganye da ɗan yaji, wanda ba ya danne sha'ir. Duk abin da ya fi haka ƙarfi aibi ne a wurinsu. Shaidar tana kwalejin Wye, inda Ernest Salmon ya haɗa wani hof na daji daga Manitoba ta Kanada da irin Ingila, ya fitar da Brewer's Gold a 1934. Ɗaci mai yawa yake nema, ya kuma samu, sai dai masu dafa giya na Ingila sun raina warin sabon irin, suna cewa na Amurka ne. Cascade ma, da ma'aikatar gona ta Amurka ta fitar a Oregon a 1972, an samar da shi ne don ya jure cutar ganye. Sai da ƙananan kamfanoni biyu na Kalifoniya suka zuba shi da yawa, Anchor a giyar Liberty Ale ta 1975, Sierra Nevada kuma a Pale Ale 'yan shekaru bayan nan, sannan ƙamshinsa na garehul ya zama abin talla.

Akwai kuma masu cewa ƙasa ce ke ba da ƙamshi, mutum bai da hannu. Suna da hujja: Fuggle da aka kai Silobeniya ya sauya hali har ya zama Styrian Golding. Amma ƙasa ba ta zaɓa wa manomi abin da zai shuka, mai saye ne ke zaɓa. Irin Citra, mai ƙamshin mangwaro da lemun tsami, tun 1990 aka haɗa shi, ya zauna a gonar gwaji sai wajen 2008 ya shiga kasuwa, lokacin da masu son irinsa suka yawaita. A 2018 ya zarce Cascade a faɗin gonaki a Amurka.