Elm, Phoenix ko ClojureScript: wanne ya dace da shafin da kake son ginawa?

Yaran namu da ke koyon haɗa manhaja a Agege da Sabon Ibadan suna yawan tambayata kan yarukan kwamfuta da ake kira fanshinal. A irin wannan yare, duk aikin da ka rubuta, in ka ba shi abu iri ɗaya, amsa iri ɗaya zai dawo maka da ita kullum, kuma ba a taɓa bayanin da aka riga aka ajiye, sai dai a samar da sabo. Kamar littafin bashi ne a kara: ba a goge tsohon layi, ƙasa ake rubuta sabo.

Kafin ka zaɓi kayan aiki, tambayi kanka: a ina lissafin zai gudana, cikin wayar mai amfani ko a uwar garke?

Elm, wanda Evan Czaplicki ya fitar a 2012, cikin burauza yake aiki bayan an juya shi zuwa JavaScript. Tsarinsa uku ne: halin da shafin ke ciki, abin da ke sauya shi in an taɓa maɓalli, da yadda ake nuna shi. Kwamfailarsa ba ta barin ka wuce da kuskure, za ta nuna maka layin, ta faɗa maka gyaran da sauƙin harshe. Shi ya sa nake tura sabon shiga can. Aibinsa dai, ɗakin karatunsa ƙarami ne, kuma in kana son haɗa shi da kayan JavaScript na waje sai ta ƙofa ta musamman, abin da kan gajiyar da mutum.

Phoenix LiveView kuwa na yaren Elixir ne, wanda José Valim ɗan Brazil ya ƙirƙiro a kan injin Erlang, injin da WhatsApp ya dogara da shi. A nan uwar garke ke riƙe komai, tana turo wa waya abin da ya canza kawai ta layin da ke buɗe koyaushe. Aiki yana sauri, yare ɗaya ya ishe ka. Amma fa netwok na yankewa, shafin ya tsaya cak har sai ya dawo. Ga dillalin da ke tsakiyar kasuwa da ƙaramar Android, yana son shigar da cinikin bijimi nan take, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In ofis ne mai intanet tsayayye, to bismilla.

ClojureScript da Reagent a kan React suke zaune, don haka duk kayan React za ka iya jawowa. Sai dai bakan gizon da ke cika rubutun na razana mutane a makon farko.

PureScript da Haskell, ni dai ban ba wanda bai ƙware ba shawarar farawa da su.

Maganar abinci kuma: yawancin tallan aikin da nake gani a Legas, React suke nema. In albashi kake bi, riƙe JavaScript da kyau tukuna, ka koyi Elm da daddare.