Ciwon mafitsara ga mata: Magungunansa da ƙa'idojin shan su

Ciwon mafitsara na faruwa ne idan ƙwayoyin bakteriya suka bi ta hanyar fitsari suka shiga mafitsara suka hayayyafa. Galibi ƙwayar E. coli ce ke haddasa shi, wadda asalin mazauninta hanji ne. Ya fi kama mata saboda hanyar fitsarin mace gajeriya ce, kimanin santimita 4, kuma tana kusa da dubura.

Alamominsa sun haɗa da raɗaɗi yayin fitsari, yawan jin fitsari alhali kaɗan ke fitowa, ciwon mara, wani lokaci har da jini a fitsari. Da yawa kan sa shi a sahun "ciwon sanyi", amma ƙaiƙayi da fitar farin ruwa daga gaba alamu ne na wata cuta dabam, maganinsu ma dabam.

Magungunan da likitoci suka fi farawa da su:

Nitrofurantoin: ana shan sa kwana 5 zuwa 7. Ba a ba mai ciwon ƙoda mai tsanani, ko mai cikin da ya kusa haihuwa, ko mai ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma.

Fosfomycin: gari ne giram 3, ana dama shi da ruwa a sha sau ɗaya tak.

Septrin: kwana 3, sai dai a wurare da dama ƙwayoyin sun daina jin sa.

Shi kuwa Ciprofloxacin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin rukunin magungunan da ake taka-tsantsan da su tun 2017. Ana tanadinsa ne don lalurar da ta fi wannan tsanani, kamar idan cutar ta hau ƙoda.

Sayen ƙwaya biyu ko uku a kemis, a daina da zarar raɗaɗi ya lafa, yana cikin abubuwan da ke sa ƙwayoyin cuta su bijire wa magani. A sha adadin kwanakin da likita ya rubuta, ba ragi ba ƙari.

Sauƙi kan fara samuwa cikin kwana 2. Idan bai samu ba, ko aka ga zazzaɓi, amai ko ciwon kwiɓi, a hanzarta zuwa asibiti, domin wataƙila ƙoda ta kamu. Mai juna biyu, mai ciwon suga da wadda ciwon ke yawan dawo mata, duk suna buƙatar gwajin fitsari a ɗakin awo domin a gano maganin da ƙwayar ke ji.